Zabeirou da Dabbar Gindin Dabino

Kowane gari da gwanin bakinsa. Na Sabha, garin Larabawa can cikin Sahara, a cikin Hausawan da ke zaune unguwar Sukra, Zabeirou ne, mutumin Tahoua. In kana neman wanda ya taɓa gyara injin jirgin sama da cokali, shi ne. In kana neman wanda ya ratso Sahara tun daga Agadez bai kurɓi ruwa ba sai da ya hango fitilun Sabha, shi ne dai. Aikinsa na gaskiya kuwa ɗaukar siminti ne in an samu. In ba a samu ba, sai ya zauna gefen rumfar matarsa yana cika wa masu cin abinci kunne.

Matar, Saoudé, ita ke riƙe da gidan. Tuwo take yi da miyar kuka, da shinkafa da wake, ran Juma'a ta ƙara da makaroni mai yaji irin na Larabawa. Leburori na tasowa daga wurin gini da gonaki sai su cika mata rumfa, har wasu su ci a tsaye. Shekara da shekaru ta yi tana gina wannan suna, hayaƙi a ido, ƙuna a hannu. Duk baƙon da ya sauka Sabha yana kewar tuwon gida, rumfar Saoudé ake nuna masa.

Masifar ta faro ne ranar da wani Balarabe ya ɗauki Zabeirou ya riƙe masa tsani, ana sauya kamarorin tsaro a gidansa. Da aka gama sai ya ba shi tsofaffin guda biyu, irin marasa igiya ɗin nan da ake kallon abin da suka ɗauka ta cikin wayar hannu. Tsani kawai ya riƙe, amma kafin ya iso gida ya riga ya zama injiniya.

"Saoudé, zamanki da hayaƙi ya ƙare," ya ce, ya dire kamarorin kan tabarma, ya miƙa mata wayarsa mai fasasshen gilashi. "Dubi Baturen ga. Ba ya aikin komai. Abinci yake ajiye wa namun daji bayan gidansa, kamara ta ɗauke su da dare, duniya duk ta kalla. Gidansa hawa uku."

"To mu wane naman daji gare mu bayan gida, maigida? Ɓera?"

"Yanyawa! Larabawa na ce mata fanak. 'Yar ƙarama ce kamar dila, kunnuwanta sun fi kanta girma. Turawa in sunka gan ta, kuka suke don so."

"Kai ka taɓa ganinta?"

"Ni? A hamadar Tenere tare munka kwana. Da ƙafata ta yi matashi."

Saoudé ta ci gaba da tankaɗe garinta. Ta san mijinta. Duk wani shiri nasa, in aka ƙyale shi, da kansa yake mutuwa kafin mako ya zagayo, don haka ba ta ɓata bakinta ba. Wannan shi ne kuskurenta.

Bayan gidan nasu fili ne, katangarsa ta rushe ta gefe guda, da dabinai uku, daga can kuma kango ne sai rairayi. Nan Zabeirou ya kafa ma'aikata. Ya je shagon Muƙaddas, ɗan Kano mai sayar da kayan masarufi jikin gidansu, ya roƙi lambar waifai. Ya yanka jarkar man gyaɗar Saoudé gida biyu. Ya tsinto bututun roba a wurin gini, ya ɗura dabino a ciki, ya yi masa ƙofa da ludayi, ya ɗaura igiya zuwa wani katako a ƙasa. Dabba ta taka katako, ludayi ya ɗaga, dabino ya faɗo, haka ya bayyana wa maƙwabta da suka leƙo ta katanga.

"Ko a Faransa ba a kai ga wannan ba," ya ce. Ya taka katakon don ya nuna musu. Ludayi bai motsa ba. Jarka ce ta tsinko daga sama da bututun da komai, ta sauka a tsakar kansa.

Muƙaddas ya ce, "Oga injiniya, ai na'urar tana aiki. Ga shi ta kama na farko."

"Gwaji ne," in ji Zabeirou, yana murza ƙulun da ya fito masa. "Kai da ke awon shinkafa mi ka sani game da gwaji?"

Da na'ura ta ƙi, sai ya koma ga abin da ya sani. Ya ɗauko ƙwaryar da Saoudé ta taho da ita tun daga gida, ya zuba madara, ya jera dabino a gefe, ya ɗora ɗanyen ƙwai guda a tsakiya, don ya ji Baturen ya ce dabbar na son ƙwai. Ya ajiye a gindin dabino, da ɗan kwanon ruwa kusa da ita. Ya ɗaure kamara ɗaya a jikin itacen, ɗayar a katanga.

Washegari ya tara jama'a ya buɗe waya. Duhu ne tun daga farko har ƙarshe. Ya ce alamar dabbar baƙa ce. Muƙaddas ya zagaya ya duba, ya dawo riƙe da ledar da Zabeirou ya lulluɓe kamarorin da ita don kada ƙura ta ɓata su.

Kashegari aka ga kuliyoyi. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, duk kuliyoyin Sukra ne da baƙinsu na wasu unguwanni, suna dambe kan madara. Rana ta gaba wani babban rami mai gashi ya cika gilashin waya, yana buɗewa yana rufewa, yana huci.

"Kun gani?" Zabeirou ya miƙe tsaye. "Wanga bakin kogo ne! Dabbar ta ɗauki kamara ta kai raminta!"

Bachirou, wani lebura da bai taɓa fashin tuwon Saoudé ba, ya ƙura ido ya ce, "Hancin akuyar Hajji Abdallah ne. Na san shi, ni ke ba ta dusa."

Ba a rufe baki ba sai ga Hajji Abdallah, Balaraben da ya ba su hayar gidan, yana jan akuyar, ita kuma tana tauna ragowar kamarar katanga. Ya yi faɗa da Larabci har jijiyar wuyansa ta tashi. Zabeirou na gyaɗa kai yana "bahi, bahi, ya Hajji." Da Hajjin ya tafi, ya juyo ya ce wa mutane, "Cewa yake in zo in sa masa irinta a gonarsa ta Samnu."

Saura kamara ɗaya. Wani mai hankali da sai ya haƙura, amma a ranar ne Zabeirou ya gano cewa kamarar tana da baki. In ka danna wani wuri a waya ka yi magana, sai muryarka ta fito daga jikinta. Nan take ya gane abin da ya hana yanyawa zuwa: ba a gayyace ta ba. Don haka kullum da asuba, lokacin da ya ce dabbobi na komawa gida da yunwa, sai ya shige cikin bargo da waya yana raɗa.

Akwai wata tsohuwa 'yar Kano, Inna Ɗijatu, mai suyar ƙosai a bakin titi. Kullum da duhun asuba ta kangon nan take yanke hanya. Ran nan tana tafe da kasko a ka, sai ta hangi wani jan ido ƙwaya ɗaya yana haske a jikin dabino. Ta dubi ƙasa, ga ƙwarya da madara, ga dabino an jera, ga farin ƙwai a tsakiya. Tana cikin kallon nan sai itacen ya yi magana, ƙasa-ƙasa, cikin lallashi.

"Zo ki ci, 'yar gata. Naki ne. Ki ci ki ƙoshi, ki jawo mana 'yan'uwanki, su zo da yawa, kullum su riƙa zuwa gidan ga."

Inna Ɗijatu ta watsar da kasko da ƙullu, ta zura da gudun da rabonta da irinsa tun tana budurwa.

Kafin rana ta take, babu Bahaushen Sabha da labari bai isa kunnensa ba. To, kowa ya san abin da ƙwarya da madara da farin ƙwai a gindin itace ke nufi, ba sai an kira malami ya fassara ba. Kowa kuma ya taɓa jin labarin mai abincin da ke ciyar da iska don ta jawo mata ciniki. Mutane suka fara tuno abubuwa. Wani ya ce dama shi yana mamakin yadda in ya ci tuwon wani wuri ba ya ƙoshi. Wani ya ce ya taɓa nufar masallaci, ƙafarsa da kanta ta karkata rumfar Saoudé. Bachirou ma, wanda ya san hancin akuya, ya ce shi tun tuni miyar ke zuwa masa a mafarki.

Da azahar rumfa ta zama kufai. Saoudé ta zauna gaban tukunya cike da tuwo tana kallon mutanen da ta shekara tana ciyarwa suna sunkuyar da kai suna wucewa ta ɗaya gefen titi. Da daddare ta juye tuwon a roba. Kashegari ta rage sanwa, nan ma babu wanda ya leƙo. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Asarar gari da mai ba ta dame ta ba kamar yadda aka dubi guminta na shekaru aka ce na aljani ne.

"Hassada ce," in ji Zabeirou. "Duk wani babban mai bincike sai da anka ce masa mahaukaci."

"Ba mahaukaci sunka ce ba, maigida. Da haka sunka ce da na taya su. Matsafiya sunka ce mini." Ta dire muciya a ƙasa. "Ka wanke mini suna kafin Juma'a. In ba haka ba, ni da rumfar ga mun rabu, in tahi Samnu wurin yayana in tsinci tumatir. Kuma daga yau, a gidan ga dabbarka kaɗai za ta ci girkina."

Ta kuwa cika alkawari. Da kanta ta zuba tuwo da miya har da tsoka biyu a ƙwaryar, ta kai gindin dabino, ta dawo ta kulle tukwane a ɗaki. Zabeirou ya kwana da shayi.

Sai dai bakinsa bai ji yunwa ba. Da safe ya tsaya ƙofar shagon Muƙaddas ya yi shela. Ya ce gani ya kori ji. Ran Alhamis bayan sallar isha'i kowa ya zo, za a haɗa waya da babbar talabijin ɗin Muƙaddas da ake kallon ƙwallo, a ga naman dajin da ke cin abincin nan da ido. Ya ce a gayyato Malam Oumar, limamin ɗan masallacinsu, ya zama shaida. Ya ce duk wanda ya ga dabbar bai nemi gafarar matarsa ba, shi da Allah.

Matsala ɗaya ce kawai: babu dabbar. Kuliyoyi ba sa cin tuwo, tsokar kawai suke ɗaukewa. Akuya an ɗaure ta. Ranar Laraba da dare Zabeirou ya zauna yana kallon waya, cikinsa na kuka, babu abin da ke motsi gindin dabino sai inuwa. Idonsa ya faɗa kan buzun ragon layya da yake shimfiɗawa ya yi salla. Ya dubi buzu, ya dubi waya. Wai kunya ce ke sa mutum ya yi abin kunya. Ya ɗaura buzun a baya da igiya, ya rufa wani tsohon tawul a ka, ya zagaya ta kango, ya shigo da rarrafe. Niyyarsa ya shinshina ƙwarya sau biyu ya wuce. Amma yau Saoudé miyar kuɓewa ta zuba, tana nan da ɗuminta, shi kuma rabonsa da abinci mai nauyi ya kwana biyu.

Da ya dawo ɗaki ya ɗan leƙa abin da kamara ta ɗauka. A fasasshen gilashin nan, ba tare da sauti ba don kada Saoudé ta farka, wani farin dunƙule ne mai gashi da idanu biyu masu walƙiya. Ya yi murmushi, ya ce ko Baturen ba shi da irin wannan, ya yi barcinsa har da minshari.

Daren Alhamis ƙofar shagon Muƙaddas ta cika ta batse. Maza a gaba kan bencina, mata a gefe, Malam Oumar a kan kujera da carbi, Inna Ɗijatu kusa da shi tana ta tofa addu'a a cikin zaninta. Saoudé ta zo ta tsaya can baya. Ta sa an ɗauko mata tukunyar tuwo an ajiye a gefenta, ko Allah zai sa.

Zabeirou ya sa babbar riga, ya riƙe sanda irin ta malamin makaranta. "Jama'a, abin da za ku gani yanzu, masana sun ce ya ƙare a duniya. Sunanta kurar Fezzan, da sunan yankin ga da muke ciki. Ni na fara ɗaukarta."

Muƙaddas ya kunna, ya ƙure sauti kamar yadda ya saba in ana ƙwallo.

Ga dabino, ga ƙwarya, komai fari-fari kamar an barbaɗa toka. Can sai wani abu ya ɓullo daga kango, yana tafe da ƙafa huɗu, gashi buzu-buzu, idanu na ƙyalli kamar fitilar mota. Mata suka ja baya.

"Kun ga tafiyar?" in ji Zabeirou yana nuni da sanda. "Tafiyar mafarauciya kenan."

Kurar Fezzan ta iso gindin dabino, ta shinshina ƙwarya, ta waiga dama da hagu. Sai ta zauna ta tanƙwashe ƙafa. Daga cikin gashin wani hannu ya fito, mai yatsu biyar. Ta tsoma shi a kwanon ruwa ta wanke tas. Kuma a babbar talabijin ɗin nan, da sautin da ake ji har bakin titi, kura ta ce, "Bismillahi."

Sandar Zabeirou ta tsaya a sama.

Kura ta gutsuri tuwo da hannun dama, ta mulmula, ta yi masa rami da babban yatsa, ta dangwali miya, ta kai baki. Ta ƙara. Ta tsotse ƙashi ta ajiye gefe. Da ta gama ta suɗe ƙwarya da yatsa, ta yi wata doguwar gyatsa ta ce, "Alhamdulillahi. Kai, gishiri ya ɗan yi kaɗan."

"Innalillahi!" Inna Ɗijatu ta kurma ihu. "Ban gaya muku ba? Ga shi nan a zaune!"

Benci ya kife. Wasu suka fara neman takalma. Malam Oumar ya ɗaga hannu ya ce a natsu, ya ƙura wa talabijin ido, sannan ya yanke hukunci. "Babu shakka aljani ne. Alhamdu lillahi musulmi ne, kuma ya samu tarbiyya, don kun ga da dama ya ci. Amma ko limamin aljanu ne, ciyar da shi don neman ciniki bai halatta ba. Wanga abinci, ni dai ba ni ƙara ci."

Zabeirou ya yi ta maza. "Malam, ai kurayen Fezzan haka suke. Zama da mutane ne ya sa sunka koyi..."

"Zabeirou!"

Kowa ya waiga. Tun da aka ɗaura musu aure babu mahalukin da ya taɓa jin Saoudé ta kama sunan mijinta, ko a ɗaki balle a bainar jama'a. Ta ratso mutane ta tsaya gabansa, hawaye na zuba, amma babu alamar tsoro a idonta.

"Mutum ɗaya ne a duniya ke cinye mini tuwo sannan ya ce gishiri ya yi kaɗan. Gaya musu."

Ya dubi jama'a, ya dubi ƙasa, ya dubi matarsa da tukunyarta can baya da ko murfi ba a ɗaga ba. "Ni ne," ya ce, da wata 'yar murya da ba a san shi da ita ba.

"Ƙarya ne!" in ji Inna Ɗijatu. "Rufa wa abokin cinikinsa asiri yake. Yaushe idon mutum ke ba da wuta?"

"Haka kamarar take yi da dare, Inna."

"Zabeirou," in ji Bachirou, "kai ne ka ce mana ka gyara jirgi da cokali. Yau kuma don ka ce kai ne sai mu yarda?"

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Shekaru yana zuba ƙarya ana sauraro, yau ya faɗi gaskiya guda ɗaya an ƙi karɓa. Malam Oumar ya ce hujja ake so. Saoudé da kanta ta shiga gida ta fito da buzu da tawul, har da maiƙon miya a gashin. Zabeirou ya tuɓe babbar riga. Aka ɗaura masa buzu. A gaban liman, da mata, da yaran shago, da Hajji Abdallah da hayaniya ta fito da shi, injiniyan Sukra ya durƙusa ya kama rarrafe.

"Ba haka ta yi ba," in ji Muƙaddas. "Ta fi karkaɗa baya."

Ya karkaɗa.

"Shinshina! Saura shinshinar!"

Ya shinshina ƙafar benci. Wani ya fara dariya, ta kama na kusa da shi, kafin ka ce me wuri ya kece. Malam Oumar ya yi ta dariya har carbi ya suɓuce masa. Hajji Abdallah ba ya jin Hausa, amma sai da ya dafa bango. Bachirou na share hawaye ya ce, "Wallahi mun zalunci Saoudé. Wane aljani ne zai yarda ya yi hulɗa da wannan?" Ya juya ya nufi tukunya, wasu suka bi shi, Saoudé ta kai hannu za ta ɗaga murfi.

Duk wannan bidiri ba a kashe talabijin ba, hoton daren jiya na ta tafiya. Zabeirou na durƙushe yana haki, fuskarsa daidai gilashin, sai ya ga wani motsi a gindin dabinon. Wata 'yar halitta ce ta leƙo daga kango, ba ta kai kyanwa ba, da siririn baki, da jela mai gashi, da wasu kunnuwa tsaye, kowanne ya fi kanta girma. Ta tako a hankali kamar mai tsoron ƙasa ta ji zafi, ta leƙa ƙwaryar da ya suɗe tas, ta ɗaga kai ta kalli kamara.

Bai taɓa ganinta ba a rayuwarsa, ko a Tenere ko a ko'ina, amma ya gane ta.

"Ga ta!" ya daka tsawa. "Wallahi ga ta nan! Yanyawa! Ta zo!"

Jama'a suka juyo. Dariya ta tsaya. Idanun 'yar dabbar na walƙiya a cikin farin duhun nan, kunnuwa na juyawa.

"To wannan fa?" in ji Inna Ɗijatu a hankali. "Wancan mun yarda kai ne. Wannan ɗan ƙaramin mai kunnen jemage fa, waye?"

"Yanyawa ba ta shigowa tsakiyar gari," in ji wani daga baya.

"Su kuwa mutanen ɓoye," in ji Malam Oumar yana laluben carbinsa a ƙasa, "an san su da shiga siffar dabbobi."

Bachirou, da ya riga ya miƙa kwano, ya janye hannunsa. Zabeirou ya ga haka. Ya ga hannun Saoudé ya tsaya cak a kan murfin tukunya, kallonsa kawai take. Ga hujjarsa a gilashi, abu na gaskiya guda ɗaya da ya taɓa samu, wanda zai iya ba da labarinsa har ya mutu ba tare da ƙarin gishiri ba.

Ya gyara buzu, ya yi gyaran murya.

"Shi ma ni ne."

"Kai? A wannan ƙanƙantar?"

"Nesa da kamara na tsaya. Ku da ba ku san aikin ba, abu in ya yi nisa ƙarami yake komawa."

"Kunnuwan fa?" in ji Muƙaddas.

"Silifas ɗin Saoudé ne na ɗaura."

"Jelar fa?"

"Tsintsiya."

Wannan karon har Inna Ɗijatu sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Murfin tukunya ya tashi, ƙamshin miya ya bugi kowa, aka hau layi ana ture-ture, Malam Oumar na cewa a fara zuba wa manya. Ba wanda ya ƙara kallon talabijin.

Zabeirou ya zauna a ƙasa cikin buzunsa. A gilashi 'yar dabbar ta lashi gefen ƙwarya, ba ta samu komai ba, ta juya ta koma cikin kango.

Can Saoudé ta zo ta durƙusa gefensa, ta ajiye masa kwano, tsoka uku a kai.

"Saoudé," ya ce ƙasa-ƙasa, "kin ga kunnuwanta kuwa?"

"Na gani, maigida," ta ce. "Kyakkyawa ce. Yi shiru ka ci."